Yadda Ake Gyara Raunin Ruwan Burtsatse Lokacin Ban Ruwan Ciyawa

Gidaje da yawa masu rijiyar burtsatse suna fama da matsala guda: da zarar an kunna abin feshi a kan ciyawa, sai ruwan bayi da na kicin ya koma tsiyaya, feshin ma bai kai taku biyu ba. Mutane kan ruga kasuwa neman babban sumo, wato injin da ake zurawa cikin rijiyar ya turo ruwa sama. Ni dai shawarata, kada ka sayi komai sai ka auna.

Da farko, san yawan ruwan da kake samu. Rufe duk famfunan gida, ka ɗauki jarka mai lita 25, ka tara a famfon da ya fi kusa da rijiyar, ka duba agogo. Idan ta cika a minti ɗaya, lita 25 ke nan a minti. To in kowane kan feshi yana shan lita 10 a minti, biyu kawai ruwanka zai iya ɗauka, ba biyar ba. Raba filin kashi-kashi, ka shayar da wannan, ka rufe, ka koma wancan.

Sai ka dubi tankin sama, don nan ne akasari matsalar take. Ruwan da ke gangarowa daga tanki, tsayi ne ke ba shi ƙarfi: kowace mita 10 tana ba da kusan ba 1 (bar, wato ma'aunin ƙarfin ruwa). Tankin da ke kan ƙarfe mai mita 5 rabin ba 1 kawai zai bayar, alhali yawancin kawunan feshi suna son wajen ba 2. Ka ga ko sumon sabo ne fil, feshin ba zai tashi ba. Maganinsa ƙaramin injin busta mai ƙara wa ruwa ƙarfi a bakin tanki, ko kuma ka koma ban ruwa na ɗigo, wanda ba ya neman ƙarfi sosai, kuma ba ya ɓarnar ruwa.

Bayan haka bi bututu. Na rabin inci yana shaƙe ruwa idan hanya ta yi nisa, mai inci ɗaya ya fi. Warware tiyon da ya lanƙwashe, kwance matatar ruwa ka wanke yashin da ya taru, ka tsokale ramukan kan feshi da allura. Inda ka ga ƙasa a jiƙe kullum ba a zuba ruwa ba, tona, akwai yoyo.

Kada ka manta da wuta. In ba ta da ƙarfi, ko janareta ya yi wa sumo kaɗan, ruwa ma zai yi rauni.

Na ƙarshe shi ne wanda ya fi damuna. Idan ruwa ya fara da ƙarfi, bayan ɗan lokaci ya riƙa tari yana fitar da iska da laka, kashe sumo nan take. Rijiyar ce ta ja baya, abin da ake yawan gani a watan Maris da Afrilu kafin damina ta faɗi. Sumo ruwa ne ke sanyaya shi, in ya yi aiki a bushe zai ƙone, babban sumo kuma sai dai ya ƙafar da rijiyar da wuri. Riƙa cika tanki kaɗan-kaɗan, ka bar rijiyar ta huta tsakani, ka yi ban ruwa da asuba kafin mutanen gida su fara wanka. In abin ya ci gaba, kira masu haƙar burtsatse su auna zurfin ruwan, su ga ko akwai damar ƙara saukar da sumon ƙasa.