Yadda zaka gane labarin girgizar ƙasa, da ƙananan da suke riga babbar zuwa

Duk sanda ƙasa ta girgiza a wani wuri zakaji ana ta cewa mai ƙarfin maki kaza, cibiyarta na gari kaza, ana ci gaba da jin ƙananan girgiza, mu kuma sai dai muce Allah ya kyauta mu wuce. Toh ga yadda zaka riƙa warware zancen, musamman in kana da ɗa ko ƙani yana karatu a Turkiyya ko Maroko, ko kai kanka kana zuwa saro kaya can.

Fara da makin. Ba irin makin jarabawa bane da 7 ya ɗara 6 da ɗaya kawai, a'a, duk ƙarin maki ɗaya ƙarfin da ƙasa ta saki ya ninka kusan sau 32, kaga kenan tsakanin 5 da 7 ninki wajen dubu ne. Zakaji har yanzu ana cewa ma'aunin Richter, Charles Richter ne ya fito dashi a 1935 a California, yanzu masana sun koma wani ma'aunin da yafi dacewa da manyan girgiza amma sunan ya riga ya bi baki. Daga nan sai ka nemi zurfi. Cibiya wurin da yake saitin inda dutse ya tsage ne a doron ƙasa, ainihin tsagewar tana can ƙasa, kuma wadda bata da zurfi tafi ɓarna. Ta Maroko ta 8 ga Satumba 2023 maki 6.8 ce, amma da yake kusa take da doron ƙasa kuma gidajen ƙauyukan tsaunin Atlas na laka da dutse ne, kusan mutum 3,000 suka rasu.

Yanzu ga inda mutane suka fi ruɗewa. Girgiza takan zo a jere, akwai ta share fage wato ƙaramar da take riga babbar, akwai uwar girgizar, sai masu biyo baya da zasu iya ɗaukar makonni ko watanni suna raguwa a hankali. Matsalar itace babu wanda zai iya ce maka wannan ta share fage ce a lokacin da take faruwa, sai bayan babbar tazo ake waiwayowa a sa mata sunan. Japan a 2011, ranar 9 ga Maris anyi wadda ta haura maki 7, aka ɗauka ai itace, kwana biyu bayan nan ta maki 9 tazo da tsunami, wato ƙatuwar igiyar ruwan teku. A Kumamoto ta Japan ma a 2016 haka akayi, ta 14 ga Afrilu ta wuce, wasu sun koma gidajensu da suka riga suka tsattsage, cikin daren 16 ga wata wadda ta fi ta ƙarfi ta same su a ciki.

Amma fa kar wannan yasa duk ɗan motsi kace tashin alƙiyama ne. Yawancin ƙananan basa jawo komai, lissafin masana bai wuce kashi 5 ko 6 cikin 100 bane ake samun wadda ta fi ta farkon ƙarfi a 'yan kwanakin da suka biyo baya. Motsin da aka ji a Mpape ta Abuja a Satumbar 2018 ya tada hankalin mutane sosai, wasu har suka bar gidajensu, babu babbar da ta biyo. Kuma wata babbar bata sallama sam, a Haicheng ta China a 1975 ƙananan sun taimaka aka kwashe mutane kafin tazo, a Tangshan a 1976 kuwa tazo babu gargaɗi ta kashe sama da mutum 240,000. Shi yasa duk wanda ya turo maka saƙo a WhatsApp wai gobe ƙarfe kaza za'ayi girgiza, goge kawai, babu mai wannan ilimin.

Masu biyo baya ma kar ka raina su dan an kira su ƙanana. A Turkiyya ranar 6 ga Fabrairu 2023 ta asuba maki 7.8 ce, bayan kamar awa tara wata mai 7.5 ta sake zuwa ta ƙarasa benayen da suka tsaya da ƙyar.

In kana wurin kuma kaji motsi, ba lokacin tantance suna bane. Duƙa, shige ƙarƙashin tebur mai ƙwari ka riƙe ƙafarsa, kare kanka da wuyanka, nesa da taga da kabad, kar ka shiga lif. In ta lafa ka fita fili da takalmi a ƙafa saboda fasassun gilasai, in a bakin teku kake ka nufi tudu ba tare da jiran sanarwa ba. Gidan da bangonsa ya tsage kuma dan Allah kar a koma kwana ciki sai injiniya ya duba shi.