Idan Jirgin Ƙasa Ya Goce: Yadda Ake Gano Sanadi Daga Kan Dogo

Duk ranar da jirgin ƙasa ya goce, kafin a gama fito da fasinjoji an riga an yanke hukunci a WhatsApp. Haka aka yi ranar 26 ga Agusta 2025, da jirgin Abuja zuwa Kaduna ya sauka daga layi a Asham. Mutanen Zamfara da yawa sukan shiga mota daga Gusau zuwa Kaduna su hau jirgi a Rigasa, don haka maganar ta shafe mu. Wani zai ce 'yan bindiga ne, domin harin da aka kai wa jirgin wannan layi ranar 28 ga Maris 2022 bai bar zukata ba. Wani zai ce gudu ne. Wani kuma 'yan gwangwan zai ɗora wa laifi. Kowanne na iya faruwa, amma kowanne da irin sawun da yake bari.

Abu na farko, kada ka nemi sanadi a inda taragu suka kwanta. Jirgin da ke tafiyar kilomita 100 a awa yana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya, saboda haka inda ya tsaya na iya nisan ɗaruruwan mitoci daga inda matsalar ta fara. Masu bincike baya suke komawa da ƙafa, suna bin tabon da ƙafafun jirgin suka yi a kan gungumen simintin da dogon, wato ƙarfen layin, ke zaune a kai, har inda tabon ya ƙare. Nan ne ƙafa ta farko ta bar ƙarfe. Barnar da ke gaba da wurin duk sakamako ce.

Ƙafar jirgi tana da leɓe ta ciki, tsayinsa kusan santimita 3, kamar gaɓar yatsa. Wannan ɗan leɓen ne ke hana ta zamewa gefe. To, a wurin da tabo ya ƙare sai a dubi saman dogon. In akwai siririn zane da ya taso daga ciki ya ratsa saman ƙarfen a karkace ya faɗa waje, leɓen ne ya hau ya tsallake. Wannan yana nuni ga gudu a kwana, ko leɓe da ya cinye, ko layin da gefe ɗaya ya nutse. In babu zane a sama, ƙafafun kuma sun faɗa tsakiya, to layin ne ya buɗe. Sai a sa ma'auni: faɗin layin Abuja zuwa Kaduna milimita 1,435 ne, tsohon layin da ya bi ta Funtuwa da Gusau ya tsaya Kauran Namoda a 1929 kuwa 1,067 ne.

Maganar hannun mutum ita ce ta fi zafi, kuma ita ce ta fi sauƙin tantancewa. Kusar da aka kwance da sifana zarenta lafiya lau yake, notin yana gefe ko an tafi da shi. Wadda ƙarfin jirgi ya fizge a guntule take, bakinta na ƙyalli. Haka ƙugiyoyin da ke danne dogo: in mazauninsu ya yi tsatsa da ƙura, an daɗe da cire su, kuma tambayar ta koma kan masu zagayen duba layi. In mazaunin na sheƙi, kwanan nan suka fita. Karayar dogo ma tana magana. Fuskar da ta karye sabuwa fara ce mai gautsi, kamar an karya rake. In ka ga wani ɓangare baƙi mai santsi a cikinta, tsohuwar tsaga ce da ta yi watanni tana cin ƙarfen ta ciki. Bam kuwa ba ya ɓuya: rami, tsakuwa warwatse, baƙin hayaƙi, ƙarfe a lanƙwashe sama. In babu waɗannan a hoto, a yi hankali da mai cewa an dasa wani abu.

Zafi da ruwa mutane suka fi rainawa. Ƙarfe mai tsawon mita 100, in zafinsa ya ƙaru da digiri 30, yana ƙara tsawon kusan santimita 3 da rabi. A bazarar Maris zuwa Mayu dogon da ke cikin rana yana iya fin iska zafi da digiri 20. Shi ya sa a tsohon layi ake barin ɗan gibi a kowace mahaɗa. A layin da aka yi wa walda kuwa, ƙugiyoyi da nauyin tsakuwa ne ke riƙe shi. In aka kwashe tsakuwar gefe, yadda wasu ke ɗiba don gini, ƙarfen ya rasa mariƙi sai ya lauye kamar maciji. Da damina kuma kwalbati ne ke toshewa da shara, ruwa ya cinye ƙasa ta ƙarƙashi, dogon ya rage a rataye alhali daga nesa lafiya kake ganinsa. Inda laka ke tsartuwa tsakanin tsakuwa duk sanda jirgi ya wuce, wurin ya fara lalacewa ke nan.

In abin ya faru a tasha ko dab da ita, wurin sauya layi ake fara dubawa. Harshen ƙarfen da ke karkatar da jirgi dole ya manne jikin dogo tsam. Gibin 'yan milimitoci ya isa leɓen ƙafa ya shiga, sai kan jirgi ya bi wannan layi tarago ya bi wancan. Ta ɓangaren jirgin kansa, boris ɗin ƙafa in ya ƙone yakan bar warin giris da ƙarfen da ya koma shuɗi.

Gudu fa, ba a auna shi da jin jiki. Tarago mai jijjiga a kan layi mara kyau sai ka rantse tashi yake, alhali tafiyarsa kaɗan ce. Na'urar da ke kan jirgi mai riƙe bayanin gudu da birki ce ke raba wannan gardama, kuma hukumar binciken haɗura ta ƙasa, NSIB, ke da hurumin binciken.

In kana cikin jirgin, ka fita ta gefen da babu wani layi, ka kira 112, kada ka ja wanda ke kukan wuya ko baya sai in wuta ta tashi. Kada ka ɗauki kusa ko guntun ƙarfe, domin inda abu ya faɗi shi ma shaida ne. In za ka ɗauki hoto, ka aje biro kusa da abin don a san girmansa. Sannan ka rubuta lokaci da lambar taragonka, da abin da ka fara ji: ƙara guda mai ƙarfi, ko gwaf-gwaf a jere, ko wari, ko birki ne ya fara kamawa kafin jijjiga. Ka rubuta tun a ranar, kafin labarin wasu ya gauraye da naka.