Darasi na Tara: Wa Ke Kai Tsufa, Wa Ke Tafiya da Wuri?

Ku ɗauki fensir mu fara da lissafi. Ga gidaje biyu, kowanne da mutum huɗu. A gida na farko, dukansu sun rasu suna da shekara 60. A na biyu, ɗaya ya rasu yana da shekara 1, sauran suka kai 70, 79 da 90. Ku tara shekarun kowane gida, ku raba gida huɗu. Duka biyun 60 za su ba ku. Amsa ɗaya ce, amma a gida na biyu akwai uwar da ta rasa ɗan da ko yaye shi ba ta yi ba.

Haka abin yake tsakanin ƙasashe. Idan an ce matsakaicin tsawon rai a wata ƙasa kaza ne, sai mu tambaya: su wa ke tafiya da wuri?

A 1950, matsakaicin tsawon rai a duniya bai kai shekara 50 ba. Yau ya haura 70. Babban dalili shi ne yara sun rage mutuwa. A 1990, yara 'yan ƙasa da shekara 5 fiye da miliyan 12 ne suka rasu. A 2022 adadin bai cika miliyan 5 ba. Allurar rigakafi, ruwan sha mai tsabta, gidan sauro, da ruwan gishiri da sukari ga yaro mai gudawa, su ne suka yi wannan aiki. Cutar agana ma an sanar da kawar da ita a 1980. Da yara suka riƙa rayuwa, tazarar tsawon rai tsakanin ƙasashe ta ragu sosai.

Sai dai an yi ta samun koma baya, kuma a kan majiya ƙarfi ya faɗa. Bayan rushewar Tarayyar Sobiyet, tsawon ran maza a Rasha ya faɗi ƙasa da 60 a 1994, saboda giya da ciwon zuciya. A Zimbabuwe da Botswana, ƙanjamau ya kwashe iyaye masu ƙananan yara. A Amurka, duk da arzikinta, ƙwayoyin sa maye suna kashe matasa da magidanta.

Har yanzu jaririn Japan na iya sa ran shekara 84, na Chadi kuwa bai kai 60 ba. Wannan abin damuwa ne, domin yawancin cututtukan da ke janyo haka an san maganinsu.

Aiki: a gida na biyu, ku ce yaron nan ya kai shekara 61. Ku sake lissafin, ku kawo amsa a zama na gaba.