Fim ɗin aljanu da fatalwa: kurakuran da iyaye suka fi yi, da yadda za a gyara

Ɗana yana da shekara bakwai lokacin da ya daina shiga banɗaki shi kaɗai. Kwana uku ina yi masa faɗa, na ɗauka rigima ce kawai. A na huɗu yayarsa ta tona asiri: ranar da muka fita unguwa sun kalli fim ɗin wata fatalwa mai leƙowa ta cikin madubi. Ni da bakina na ba da izini ta waya, kuma tambaya ɗaya na yi: "Babu abin banza a ciki ko?" Ta ce, "Babu, Baba, ko rungumar juna ba a yi ba." Gaskiya ta faɗa. Tambayata ce gurguwa.

Wannan shi ne kuskuren da ya fi kowane yawa. Idan aka ce fim na manya ne, hankalin iyaye kan tafi ga tsiraici da ashar, in babu su sai a saki jiki. Alhali fim ɗin aljanu yana iya zama tsaf ta wannan fuska, amma ya hana yaro barci wata guda. The Conjuring na 2013 misali ne da ake yawan kawowa: babu batsa, zagin ma ba a bakin komai yake ba, jinin kaɗan ne, duk da haka hukumar tantance finafinai ta Amurka ta ba shi alamar R, wato ɗan ƙasa da shekara 17 ba ya shiga sai da babba, saboda tsananin firgitarwa da tashin hankalin da ke cikinsa. Gyaran shi ne a canza tambayar. Me ke faruwa da yaran da ke cikin fim ɗin? Akwai uwar da aljani ya shige ta ta juya wa 'ya'yanta da wuƙa? Akwai wanda ya rataye kansa? An kashe kare ko kyanwar gida? Akwai yanka da tsafi? Shafin IMDb na bayanan finafinai a intanet yana da sashen jagorar iyaye mai rukuni biyar: tsiraici, zubar da jini, zagi, giya da ƙwaya, sai wuraren ban tsoro. A irin wannan fim, daga na ƙarshen za ka fara karantawa. Ka dai tuna masu kallo ne ke cika shi, don haka ka haɗa da bayanin Common Sense Media, shafin da ke duba finafinai don iyaye, ko na BBFC, hukumar tantance finafinai ta Birtaniya, wadda ke rubuta dalilanta dalla-dalla.

Daga nan sai dogaro da lambar shekaru kamar hukuncin alƙali. Lambar tana da amfani, amma mutane ne suka zauna suka yanke ta, a wata ƙasa, a wani zamani. Tsarin Amurka ya fara a 1968, alamar PG-13 kuwa, mai gargaɗin iyaye game da 'yan ƙasa da shekara 13, ba ta zo ba sai 1984, bayan iyaye sun yi ca a kan wasu finafinai masu alamar PG (wato yara na iya kallo bisa shawarar iyaye) da suka firgita yara. Ma'ana duk fim ɗin da ya fito kafin wannan shekara da alamar PG, sai an yi taka-tsantsan da shi. Poltergeist na 1982 PG ne, kuma a cikinsa akwai mutumin da ke tsaye gaban madubi yana yage naman fuskarsa da hannunsa. Ƙasashen ma ba bakinsu ɗaya ba: The Ring na 2002 PG-13 ne a Amurka, a Birtaniya kuwa 15 aka ba shi, kuma can ɗan ƙasa da 15 ba ya shiga silima ko da ubansa na riƙe da hannunsa. The Woman in Black na 2012 sai da aka yanke masa daƙiƙa shida, aka rage ƙarar sauti a wasu wurare, kafin ya sami 12A a Birtaniya, wato ɗan ƙasa da shekara 12 na iya shiga in yana tare da babba. Iyaye suka ga fuskar Daniel Radcliffe, wanda yara suka sani a matsayin Harry Potter, suka kwashi 'ya'yansu, ganin kitse ake wa rogo. A cikin labarin yara ne ke hallaka kansu bisa umarnin fatalwa, kuma a wannan shekarar babu fim ɗin da aka kai wa BBFC ƙorafi a kansa kamar shi. Saboda haka kada ka tsaya a lambar, karanta ɗan layin da ke ƙarƙashinta mai faɗin dalili. Ka kuma duba ko kwafin da ke hannunka shi ne na silima, domin akwai kwafin da ake mayar da abin da aka yanke, a sake shi ba tare da alama ba.

Wasu kuma da jini suke awo: in ba a ga hanji a waje ba, to da sauƙi. Fim ɗin fatalwa ba da jini yake aiki ba, da gida yake aiki. Ƙarƙashin gado, bayan labule, durowar kaya, 'yar tsana, madubi, ƙofar da ke buɗe kanta. Yaron da ya kalli fim ɗin kada ko damisa ya san babu su a ɗakinsa. Wanda ya kalli na fatalwa, da zarar an kashe fitila yana kwance ne a tsakiyar kayan aikin fim ɗin gaba ɗaya.

Kuskuren da na fi son a tsaya a kansa shi ne maganar nan da ke saurin fitowa daga bakin kowane babba: "Ai ba gaskiya ba ne, fim ne kawai." Joanne Cantor, tsohuwar malama a Jami'ar Wisconsin da ta shafe shekaru tana nazarin abin da ke tsorata yara a allo, ta nuna cewa wannan magana ba ta cika yi wa ƙananan yara aiki ba. Ɗan shekara huɗu ko biyar da idonsa yake tsorata: mummunar fuska, jikin da ya murɗe, mutumin da ya rikiɗa ya zama wani abu. A wani bincike da aka yi da shirin talabijin na The Incredible Hulk, inda wani mutum ke rikiɗa ya zama dodo, ƙananan yara sun fi firgita bayan mutumin ya rikiɗa, duk da cewa dodon taimako ya zo yi, su kuwa 'yan shekara tara zuwa goma sha ɗaya a lokacin ne hankalinsu ke kwanciya. Ƙaramin yaro ba dogon bayani yake nema ba. Ɗauke shi daga wurin, rungume shi, kunna fitila, ba shi ruwa, janye hankalinsa da wani abu daban. Bayani sai ya girma.

Manyan yaran kuwa, daga shekara takwas zuwa sama, tambayarsu ita ce: zai iya faruwa da ni? Nan ne fim ɗin aljanu ya bambanta da na dodon sararin samaniya. A gidan da aka yi imani da aljanu da shaiɗanu, Musulmi ne ko Kirista, in ka ce wa yaro "babu irin wannan a duniya" ya san ba haka aka koya masa ba. Ko dai ya ɗauka kana ɓoye masa wani abu, tsoron ya ninku, ko ya fara shakkar sauran maganganunka. Abin da ya fi shi ne ka raba masa biyu: ga abin da muka yi imani da shi, ga kuma abin da marubuci ya ƙago don ya sayar da tikiti. Wuyan da ke juyawa baya, idon da ke yin fari fat, muryar da ke yin kauri, duk aikin mai kwalliya ne da igiya da kwamfuta. Ka nemo bidiyon bayan fage ku kalla tare da rana, ya ga matar da ta fito a fatalwa zaune kan kujera ana shafa mata fenti tana dariya. Haka nan rubutun da ake sawa a farko cewa labarin ya faru da gaske, ka gaya masa dabarar kasuwa ce tsohuwa. The Blair Witch Project na 1999 an tallata shi kamar ainihin bidiyon wasu ɗalibai da suka ɓace a daji, alhali 'yan wasa ne, suna nan da ransu.

Akwai uban da zai ga ɗansa ya rufe ido sai ya ce, "Kai, namiji da tsoro? Zauna ka ƙarasa." Tunaninsa wai hakan zai ƙarfafa masa zuciya. Abin da yaron ke koya shi ne ya daina faɗa maka in ya tsorata, shi ke nan. Kafin a fara kallo ku yi yarjejeniya cewa duk wanda ya ce a tsaya, an tsaya, babu tsokana, kuma yayye ma dokar ta hau kansu. In an tsaya a tsakiya, ka ba shi labarin yadda aka ƙare da bakinka, a taƙaice, cikin murya ta yau da kullum, don kada ya kwana yana ƙarasa fim ɗin a kansa. Rage sauti ma yana taimakawa ƙwarai, don rabin faɗuwar gaba daga kiɗan take. Gwada kallon wurin razana babu murya ka ga yadda yake komawa wasan yara.

Sai masu tsare ƙofa su bar taga. An hana fim ɗin, amma tallansa yana kunna kansa a Netflix da zarar an tsaya kan hotonsa, guntayensa kuma suna yawo a YouTube da TikTok, kuma mafi munin wuraren ake tsinkowa. A 2018 a birnin Perth na Ostireliya, an yi kuskuren haska tallan fim ɗin ban tsoro na Hereditary ga iyalan da suka je kallon fim ɗin yara na Peter Rabbit, iyaye suka yi ta rufe idon 'ya'yansu suna fita da su. A gida gyaran ba shi da wuya: buɗe wa kowane yaro sashensa da iyakar shekarunsa, sa lambar sirri a naka, kashe tallan da ke kunna kansa. In kuma kai ne mai kallon bayan sun kwanta, sa abin sauraro a kunne. Yaron da ke jin kururuwa ta bango ba tare da ganin hoto ba, shi ke zana hoton da kansa, kuma nasa ya fi muni.

Matasa 'yan sha huɗu zuwa sama, hani kai tsaye ba ya cika tasiri, za su kalla a wayar aboki. Gara ka zaɓi wanda ka riga ka bincika ku kalla tare. Iyakar da ni ba na sassautawa ita ce fim mai nuna kisan kai ko yanka jiki, in matashin yana cikin damuwa ko an yi rashi a gidan kwanan nan.

Na ƙarshe, ɗaukar shiru a matsayin lafiya. Yara da yawa ba sa kuka a gaban allo, sai daga baya abin ke fitowa: ƙin kwanciya, dawowa gadon iyaye, mugun mafarki, fitsarin kwance bayan an daɗe da dainawa, ciwon ciki da magariba. Kristen Harrison da Cantor sun wallafa wani bincike a 1999 kan ɗaliban jami'a, inda kusan ɗaya cikin huɗu na waɗanda wani fim ko shiri ya taɓa firgitawa suka ce har lokacin abin bai sake su ba. Kada ka tambayi yaro "Ka tsorata?", zai ce a'a. Tambaye shi, "Wane wuri ne ya tsaya maka a rai?" In makonni sun shuɗe barci bai daidaita ba, ko abin ya taɓa karatunsa, a kai shi ga likitan yara.

Nawa ɗan, da na yi masa wannan tambayar, ba fatalwar ya ambata ba. Ya ce, "Baba, yarinyar ta yi ta kiran mamanta, ba ta ji ba." Don haka ba madubin muka fara gyarawa ba. Na ce ya shiga banɗakin ya kira ni daga ciki, ni ina falo, na amsa. Muka yi haka sau uku a daren farko, ƙofa a buɗe, fitila a kunne. Bayan kwana goma ya tura ƙofar da kansa, amma sai da muka ƙara mako biyu yana kiran "Baba!" kafin ya buɗe famfo.