Kurakuran da masu dandalin intanet ke yi wajen bin dokar DSA ta Tarayyar Turai

Tun ranar 17 ga Fabrairu, 2024 dokar DSA (Digital Services Act, wato dokar hidimomin intanet) ta hau kan duk mai hidimar intanet da ke ajiye ko yaɗa abin da mutane suka wallafa a ƙasashen Tarayyar Turai 27. Manya irin su Facebook, TikTok da YouTube, masu mutum miliyan 45 ko fiye a wata a cikin Tarayyar, sun riga shiga tun Agustan 2023. Tara na iya kaiwa kashi 6 cikin ɗari na kuɗin da kamfani ya samu a shekara a faɗin duniya.

Kuskuren farko shi ne mutum ya ce ofishinsa ba a Turai yake ba, don haka babu ruwansa. Dokar ba ta duba inda kake zaune, waɗanda kake yi wa hidima take dubawa. Ko daga Kano kake gudanar da manhajarka, muddin ka nufi masu amfani a Jamus ko Faransa da ita, sai ka naɗa wakilin shari'a a ɗaya daga cikin ƙasashen, ka kuma bayyana adireshin da hukuma za ta same ka.

Wanda ya fi damuna kuwa shi ne gogewa cikin tsoro. An kawo ƙorafi kan wani abu da aka wallafa, sai ma'aikaci ya sauke abin nan take don kada a ci tarar kamfani, mai rubutun ya wayi gari bai ga abinsa ba, ba a kuma ce masa uffan ba. Wannan ma saɓa doka ne. Sashe na 17 ya wajabta a faɗa wa mutum abin da aka yi masa, ko gogewa ce, ko rage yaɗuwa, ko dakatar da shafi, da hujjar da aka dogara da ita, da ko na'ura ce ta yanke hukuncin, da inda zai kai kukansa. A nan ake haɗa abu biyu da ba ɗaya ba: abin da dokar ƙasa ta haramta daban, abin da ya saɓa ƙa'idojin dandalinka daban. Ka faɗi wanne ne, ka nuna sashen. Ɗan kasuwar da aka rufe wa shafi rana tsaka abincinsa aka taɓa, ya cancanci ya ji dalili.

Daga nan sai ɗaukaka ƙara. Dole dandali ya bar ƙofar a buɗe, kyauta, aƙalla wata 6, kuma ba na'ura kaɗai za ta sake duba maganar ba, sai da mutum ƙwararre a kai. Ƙananan kamfanoni, masu ma'aikata ƙasa da 50 da cinikin da bai wuce Yuro miliyan 10 a shekara ba, an ɗauke musu wannan. Amma da yawa suna ɗauka an ɗauke musu komai, alhali karɓar ƙorafi da bayyana dalili na nan a wuyansu.

Hanyar kai ƙorafin ma a kan ɓoye ta can ƙasan shafi. A sa ta inda ido zai gani, mai ƙorafi ya rubuta dalilinsa da ainihin adireshin abin, a shaida masa saƙonsa ya iso, daga baya a faɗa masa hukuncin. Da zarar bayani ya zo a fili haka, kamfani ba zai ce bai sani ba.

Wasu kuma su zarce, su ce sai sun tace duk abin da aka ɗora. Sashe na 8 ya ce ba a ɗora wa kowa sa ido na bai-ɗaya ba. Inda babu jinkiri shi ne idan ka ci karo da alamar laifin da ke barazana ga rai ko lafiyar wani: nan take za ka sanar da 'yan sanda ko hukumar shari'a ta ƙasar da abin ya shafa.