Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Sayen Kayan Ɗaki a Jos

Shekara uku ke nan da muka yi wa 'yar yayana jere a wani gida da ke Unguwar Rogo. Cikin watan Agusta aka yi bikin, ana tsakiyar ruwa. Gado da sif da madubi duk kafinta ɗaya ya haɗa, fenti sai ɗaukar ido yake, duk wadda ta shigo ganin ɗaki sai ta sa albarka. Janairu na kamawa yarinyar ta bugo mini waya: "Gwaggo, don Allah ku zo ku ga sif ɗin nan, ƙofar ta ƙi rufuwa." Na je na tarar allon kan gado ya tsage daga sama har ƙasa, tsagar da ɗan yatsana ke shiga, ƙofar sif kuwa ta karkace kamar an murɗe ta. Ba faɗuwa suka yi ba, ba kuma yara suka yi tsalle a kai ba. Da ɗanyen katako aka yi aikin.

Wannan kuskuren ya fi kowanne cin kuɗin mutane a garin nan, saboda yanayinmu. Daga Afrilu zuwa Oktoba muna cikin ruwa da laima, katako ya sha ya kumbura. Disamba da Janairu hunturu ya busa, ya tsotse shi ƙarƙaf. Wanda ya bushe tun kafin a yi aiki da shi zai jure. Wanda aka yanko jiya, aka goge, aka fesa masa fenti yau, zai gama bushewarsa ne a cikin ɗakinku, kuma wajen bushewar ne yake tsagewa, mahaɗa su saki, ƙusa ta yi lako-lako.

Gane shi ba wuya. Ku ɗaga falle biyu iri ɗaya masu kauri ɗaya, ɗanyen ya fi nauyi, kuma za ku ji sanyinsa a tafin hannu. Ku ƙwanƙwasa: busasshe yana amsawa tas, ɗanye sai ku ji dum. In an riga an sa ranar biki, abin da ya fi shi ne uban amarya ya tafi da kafintansa Kasuwar Katako da ke Laranto tun da sauran watanni, a saya, a jera a inuwa, a sa 'yan sanduna tsakanin falle da falle don iska ta ratsa. A kuma tambayi sunan icen. Iroko da mahogani (shi mahoganin dangin maɗacinmu ne) suna da ƙarfi da tsada. Malaina tana da sauƙin kuɗi kuma tana aiki, sai dai tana daɗewa ba ta bushe ba. Obece ba shi da nauyi, amma ƙwaro na son sa, kada a yarda a yi ƙafar gado da shi. In kuka ga 'yan huji kamar na allura da gari-gari yana zuba, ƙwaro ya riga ku.

Sai kujeru. A nan ne ake yin kitso da ƙwarƙwata, don yadi ya rufe komai. Sau nawa ake shafa yadi, a yaba launi, a biya, ba wanda ya ce a juya kujerar a ga ƙasanta? Ni yanzu ba na yarda a rufe sai na je rumfar na ga ƙashin aikin a tsaye: kaurin katakon, ko an sa gam da noti a kusurwa ko ƙusa kawai aka buga, da irin soson da za a ɗora. Kafintan kirki ba ya jin haushi. Cewa zai yi, "Hajiya, bismillah, ku duba." Wanda ya fara kame-kame, ku kama gabanku.

Soso kuwa ba taurinsa ake dubawa ba, nauyinsa. Akwai mai tauri a ranar farko wanda wata shida ya ishe shi ya lotsa, har mutum ya riƙa jin katako a ƙasansa. Ku ɗauki guda biyu masu girma ɗaya ku gwada a hannu, mai nauyin shi ne mai ƙarko. In kujerar a haɗe take, ku zauna minti goma ana hira, ku tashi ku ga ko wurin ya dawo nan take. Ku tuna kuma da iyayenmu masu ciwon gwiwa. Kujerun nan na yayi masu zurfi, 'yan ƙasa-ƙasa, tsoho in ya zauna sai an kama shi zai miƙe, daga nan sai ya koma neman tabarma a gidan 'yarsa.

Rashin awo shi ma yana ba da kunya ranar jere. A ga saiti mai cin mutum bakwai a babban shago, a saya, a kai falon da bai fi ƙafa 12 ba, sai a rasa inda za a shimfiɗa darduma. Gado shida da shida a ƙuryar gidan haya, ga sif, ga madubi, amarya sai ta bi ta kan katifa za ta buɗe taga. Tef ɗin awo bai kai kuɗin ledar gado ba. A auna ɗaki, a bar aƙalla ƙafa 2 ta wucewa a gefen gado, a lissafa da inda ƙofar sif za ta buɗe. A auna ƙofar ɗaki da zaure, har da lungu, don a Gangare da cikin Rikkos akwai inda akori-kura ba ta shiga, sai 'yan dako sun ɗauka a ka. In bene ne a duba kwanar matakala. Sif mai ƙofa huɗu a ce wa kafinta ya yi shi gida biyu, a haɗa a ciki.

Ba na kushe MDF, amma a san abin da aka saya. Garin katako ne aka matse da gam, shi ya sa yake da santsi da kyan fuska. Ruwa ne ajalinsa: in ana goge tayil ruwa na taɓa gindinsa, sai ya kumbura kamar burodi, kuma ba ya komawa. Haka nan in aka kwance noti aka ɗaura sau biyu, sau uku, ramin ya buɗe. Mai gidan haya da bai san inda zai kwana baɗi ba ya yi tunani. In an saya, a sa masa 'yan ƙafafu ya bar ƙasa, a kuma janye shi daga bango kamar faɗin tafin hannu, don bangon Jos a watan Agusta yana tsattsafo da laima, fumfuna ta kama bayan sif har ta shiga atamfofi.

Ledar kujera da ake kira fata, mai arahar, ɓarewa take yi, ga sanyi kamar ƙanƙara da asubar hunturu. Farin yadi kuma a gidan da ake sa ran yara, ga ƙura, ga jar ƙasa, wahala ce. Masu sayen na hannu su haska fitila cikin ɗinki da mahaɗar gado saboda kuɗin cizo.

Wanda ya fi damuna shi ne a zuba kuɗi a kan allon gado mai fitilu da madubai, sai an zo katifa a ce kuɗi sun ƙare, a sayi ta ƙarshe. A kanta mutum zai yi kusan sulusin kowace rana. A fara ware kuɗinta, a saya wurin dilan kamfani, irin su Vitafoam ko Mouka, a karɓi rasit, sannan a ba kafinta awonta ya yi gadon a kai. Duk wannan daga gasa yake tasowa, wai kada a ce ɗakin wance ya fi. Na san iyayen da aka yi suna ba su gama biyan bashin kujeru ba. Gara abu uku masu ƙwari da bakwai na ganin ido, sauran a ƙara a hankali.

Wajen biya, kada a ba kafinta duka. A ba da kafin alƙalami, a rubuta irin katako da soso da yadi da ranar karɓa a gaban shaida, ciko sai an ga kaya. Ranar karɓar kuma a sa ta mako uku kafin jere.

Mu dai namu kafintan, da yayana ya je ya same shi, bai yi musu ba. Ya ce lokaci ne ya ƙure masa, mu ma mun san a mako biyu muka matsa masa ya gama. A watan Fabrairu ya sauya allon gadon da busasshen katako, muka biya kuɗin icen, ya yafe na aiki. Ƙofar sif ɗin ce har yau sai an ɗan ɗaga ta kafin ta rufu.