Burodin da ya kwana ya bushe, dan Allah a daina zubar da shi

Wallahi abin yana min ciwo in ga an ɗauki rabin burodi an jefa a bola wai don ya kwana biyu ya yi tauri, alhali mu ne dai muke ɗumama tuwon jiya da safe, mu ne muke shanya ƙanzo mu jiƙa mu yi kwaɗo da ƙuli. To shi burodi laifin me ya yi? Ga shi kullum kuɗinsa sai ƙaruwa yake, alkamar da ake yin filawar ma yawancinta daga waje ake shigo mana da ita.

Farko dai uwargida ki duba shi da kyau, don bushewa daban fumfuna daban. In kin ga ɗigo-ɗigo kore ko baƙi ko wani farin gashi-gashi, ko kuma ya fara wari, to wannan ya tafi, kar ki ce bari ki yanke wurin ki ci sauran, saboda burodi abu ne mai laushi, saiwar fumfunar tana shiga can ciki inda ido baya gani. Kar ma a ba kaji. Da damina aka fi samun haka musamman in an ƙulle shi a leda yana gumi. Amma da hunturu iska ce kawai ke busar da shi, lafiyarsa ƙalau.

In taurin bai yi yawa ba sai ki yayyafa masa ruwa kaɗan ki sa a madambaci ko ki ɗora kwando a kan tukunyar ruwan zafi ki rufe kamar minti 5, zai dawo da laushi kamar yanzu aka sayo, sai dai a ci shi nan take don in ya huce taurin da zai yi ya fi na farko.

Wanda na fi yi a gidana shi ne soya shi da ƙwai, yara har rububi suke. Yanka 4 na burodi, ƙwai 2, madara rabin kofi, sukari cokali 1 da ɗan gishiri. Ki kaɗa su sosai, ki tsoma burodin ki bar shi ya sha gaba da baya, a nan ne ma busasshen ya fi sabo don sabo yana shiga ruwan ƙwai yake dagargajewa a hannu, shi kuwa wannan zai sha ya tsaya da ƙafarsa. Ki sa bota ko mai kaɗan a kasko, wuta ƙasa-ƙasa, in kika cika wuta waje zai ƙone ciki kuma ƙwan bai dahu ba. Kowane gefe minti 2 zuwa 3. Maigidana baya son zaƙi, shi sai in cire sukari da madara in jajjaga attaruhu da albasa in sa magi da kori a cikin ƙwan, da shayi mai kayan ƙamshi ba a magana. 'Yan uwa na Maraɗi da Damagaram masu sayen dogon burodin nan irin na Faransa da ke yin tauri kafin yamma, naku ya ma fi dacewa da wannan, ku dai yanka shi da ɗan kauri ku bar shi ya jima a cikin ƙwan.

Sai garin burodi, wanda mutane ke zuwa kanti su saya da kuɗinsu. Ki yayyanka ƙanana ki baza a faranti ki rufe da kyalle mai shara-shara saboda ƙura da ƙuda ki sa a rana, ko ki gasa a busasshen kasko ba mai kina juyawa har sai ya yi ƙarau. Ki daka a turmi ko ki niƙa a blanda ki tankaɗe. Abin da ya fi muhimmanci shi ne ya bushe ƙamas kuma ya huce kafin ki zuba a kwalba mai murfi, ɗan danshi kaɗan ya isa ya ɓata miki duka. Da shi za ki baɗe ƙwallon doya ko dankali, kifi, kaza, har awara, ki tsoma a ƙwai ki juya a garin ki soya. In kina ƙwallon nama ma ki zuba cokali 3 a cikin niƙaƙƙen naman, yana riƙe shi kuma yana ƙara auki. Sai dai burodinmu na leda akwai sukari a ciki shi ya sa yake saurin yin ja a mai, ki rage wuta.

Ranar da kika yi farfesu kuma kar ki manta da shi. Ki gutsuttsura a kwano ki kwararo romo mai zafi a kai ki jira minti 2 ki ɗora nama. Wannan tsohon abincin Larabawa ne, sarid, wanda sunansa ya zo a hadisi, mutanen Sudan da Masar kuma suna yin irinsa suna ce masa fatta. Ga tsofaffi marasa haƙori da mara lafiya yana da daɗin ci sosai.

Maganar ajiya kuwa, mutane da yawa firij suke sakawa, ni ban yarda da shi ba, sanyin firij yana hana fumfuna na ɗan lokaci amma ya fi saurin sa burodi tauri. In kina da tsayayyar wuta ki yanka ki ƙulle a leda ki sa a firiza, kina ciro iya wanda za a ci. In kuma wutar sai a hankali ce, to tun ranar da kika ga ba zai ƙare ba ki shanya abinki ki daka.